Yakuwar Inna a Bakin Iyaka

Gonarmu ba ta da girma. In ka tsaya a gindin ɗorawar da ke tsakiyarta ka yi sallama da ƙarfi, mutum uku za su amsa maka, kowa daga cikin tasa gonar. Haka ƙasa take a wajenmu: gona na jingine da gona, babu daji, babu saura. Abin da ya raba taka da ta maƙwabcinka ɗan siririn tudu ne wanda faɗinsa bai wuce taku ɗaya ba, shi ne iyaka.

Gona ta maza ce, iyaka kuwa ta tsofaffin mata. Ban taɓa jin wani ya faɗi haka da baki ba, na dai tashi na tarar ana yi. Wata ta sa rama a tata, wata kuɓewa, wata karkashi. Inna, mahaifiyata, yakuwa take sawa a iyakarmu ta gabas, tun daga bakin burtali har zuwa wani tsohon suri da ke ƙarshen gonar.

Ba irin yakuwar kasuwa ba ce. Fara ce, karanta kore shar, ganyenta mai faɗi, tsaminta kuma ba ya kashe haƙori. Sai ka haɗiye sannan ka ji shi can a maƙogwaro. Mahaifiyarta ce ta ƙulle mata irin a bakin zane ranar da za a kawo ta garinmu daga ƙauyensu, can bayan Zakirai, kuma tun daga shekarar ba ta taɓa bari ya yanke ba. Ganyen mu sha a miya da fate. Zoɓon ta shanya. 'Ya'yan kuma, wato gurguzu, ta dafa su ta yi daddawar batso, wadda matan unguwa ke aikowa saye har ƙofar ɗakinta. A shekarun da hatsi ke ƙare mana kafin sabo ya nuna, da wannan batson ta sha auno mana dawa.

Na kusa shekara arba'in ina noma gonar nan, amma ban taɓa ganin ranar da Inna take shuka yakuwarta ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai san in damina ta kankama zan gan ta a jere a bakin iyaka, in kauce mata da fartanya. A raina kamar ɗorawar take, abin da ke nan kullum.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kuma doguwar hira da ni. "Kai" take ce mini, in kuma da wani take magana ta ce "wannan na gidan". Tsakaninmu gaisuwa ce da addu'a da abin da ya zama dole. Da mai ɗakina take hirarta. Su biyun sukan wuni a tsakar gida suna magana ƙasa-ƙasa, in na shigo su katse su yi mini sannu da zuwa.

Kafin a kafa ƙungiyar manoma a garinmu, ɗan ƙwadago nake zama a daidai lokacin da ya kamata in zama manomi. Ruwa na sauka hatsin gida ya ƙare, sai in tafi noman gonar wasu don a samu abin ɗorawa a wuta, tawa kuma ciyawa na cinye ta. In na waiwaye ta, gero ya riga ya yi ja ya ƙanƙance. Da kaka in samu abin da ba zai kai mu ƙarshen bazara ba, shekara ta sake zagayowa a haka. Mahaifina haka ya yi har ya koma ga Allah.

Ƙungiyar ce ta fitar da mu daga wannan. Muka haɗu, mu masu ƙananan gonaki, muna ɗauko tarakta ta bi gonakinmu a jere, muna samun irin masara mai saurin nuna da takin zamani a kan kari. Aka kuma sayi injin feshi guda biyu, irin na goyo, ana karɓa bi da bi. Malamin gona yakan zo a kan babur ya nuna mana yadda ake auna maganin ciyawa. Da yake na gama firamare, ina iya karanta abin da ke jikin kwalba, ni aka ɗora wa awon. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yadda manya ke tsayar da ni a hanya suna tambayata murfi nawa ake zubawa.

Shugaban ƙungiyar ɗan kawun Inna ne, taubashinta, ni kuma Kawu nake ce masa. Ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. In ya zo gaishe ta, tun daga zaure zai toshe hanci ya ce warin batso ya kori kajin unguwa, ya ce an kusa rufe kasuwarta tunda ga dunƙulen miya a kowane shago. Ita kuma ta ce ai ga sarkin noman alƙalami nan ya iso, ta tambaye shi ko fartanya za ta gane shi in sun gamu a hanya. Sai ya zauna ta sa a zubo masa tuwo da miyar batson, ya cinye tas yana kushewa.

Inna ba ta ƙi sabon noma ba. Shekarar farko rabin gonar kawai na yi wa feshi, ɓangaren yamma, don gwaji. Da kaka aka kawo masara aka zube a tsakar gida. Ta fito ta durƙusa ta nutsa hannunta a ciki, ta daɗe a haka. Sannan ta ce da mai ɗakina, ba da ni ba, ashe gonar nan tana da wannan a cikinta duk shekarun nan. A wannan shekarar ban je ƙwadago ba, ban kuma tafi Kano dako da rani ba. Na ƙudura in shekara ta zagayo gonar gaba ɗaya zan yi wa.

Daga baya ne mai ɗakina ta gaya mini cewa da shekarar ta zagayo, ana saura 'yan kwanaki ruwa ya sauka, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa, Inna ta fita da sassafe da ɗan sunguminta da ƙulli a hannu, ta dawo kafin rana ta yi zafi. Binne ta je yi, wato ta sa iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Haka take yi kowace shekara, shi ya sa ban taɓa gani ba. Lokacin da take shukarta mu maza mun gama shara da kai taki, muna zaune a inuwa muna duban sama.

Ruwa ya sauka ranar Talata. Laraba tarakta ta bi ta kanmu, Alhamis muka yi shuka. Ina cikin rufe layin ƙarshe aka zo aka ce in je gida, Inna ta faɗi a bakin murhu. Muka ɗauke ta a mota zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, ya taɓa mata ɓarin dama, harshenta ma ya yi nauyi. Tana kallonmu, tana gane mu, amma magana ba ta fita.

Maganin da muke amfani da shi irin wanda ke kashe ciyawa ne tun tana cikin ƙasa, kuma dole a fesa shi kafin masara ta huda. Layina na karɓar inji ya faɗo ranar Juma'a da safe. In na bari ya wuce sai ya gama zagaya sauran mutane, lokacin kuwa na makara. Na bar mai ɗakina a wajen Inna na hau babur na dawo.

Malamin gona ya sha gaya mana cewa ciyawa daga gefe take shigowa, kada a yi wa bakin gona rowar magani. Maƙwabcina na gabas ma ɗan ƙungiya ne, ya ce in na zo iyaka in haɗa har gefensa. Na bi iyakar nan tun daga burtali har suri, na juyo na sake bin ta. Ƙasa ce kawai a jiƙe, babu ko tsiro ɗaya. Ina tunawa har daɗi na ji da na waiwaya na ga ban bar ko'ina ba. Na wanke inji na miƙa wa na gaba, na yi wanka, na samu Juma'a, na koma asibiti.

Kwana tara bakin Inna bai buɗe ba. Ranar da ya buɗe ina zaune a bakin gadon ina ɓare mata lemo. Ta fara da salati, kalmomin na fita a karkace. Ta tambaya ko an ƙara ruwa, aka ce an yi biyu masu kyau. Sai ta juyo da ido wajena, abin da ba ta cika yi ba.

"Kai. Yakuwa ta fito?"

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Sai a wannan lokacin na san shuka ta ake yi, na kuma san inda take kwance ranar da na bi ta kanta sau biyu.

"Ta fito, Inna," na ce.

Da yamma na ce zan je in duba gida, na zarce gona. Masara ta fito layi-layi, tsakaninta fes kamar an share da tsintsiya. Iyakar ma haka. Na durƙusa na tona da yatsa inda na ga alamar sungumi. Na samu gurguzun, uku-uku a rami. Sun kumbura sun tsage, ɗan tsiro ya leƙo, sannan ya yi baƙi ya tsaya. Na tona ramuka da yawa, duk haka. Na mayar da ƙasar na rufe su, ban san dalili ba.

Likita ya ce kada a gaya mata abin da zai tayar mata da hankali, da wannan na riƙa kare kaina. Gaskiyar kuwa kunya ce. Ni da ake cewa a tambaye ni awo, ni ne ban san abin da ke binne a gonar ubana ba. Na ce a raina zan nemo irin in mayar kafin ta tashi, ba wanda zai sani. Na so in tambayi mai ɗakina ko da saura a ɗakin Inna, sai na tuna ba ta iya ɓoye mata komai, fuskarta kaɗai za ta tona ni. Na ja bakina. Ita kuma ba ta zuwa gona, abin da na faɗa shi ta sani.

Aka sallamo Inna ba ta iya tafiya. Da la'asar ake fito da ita a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki ta jingina da bango, daidai lokacin da nake dawowa. In na gaishe ta sai ta tambaya. Ganye nawa ta yi? Awakin burtali ba sa taɓa ta? Wajen suri ta fi kyau ko wajen hanya? Ni kuma ina amsawa. Na ce ta yi ganye huɗu. Na ce ta kai idon sawu. Na ce wajen suri ta fi duhu, don na tuna haka take yi a da. Ashe na san yakuwar nan fiye da yadda nake zato.

Wata rana ta ce, "Ta tsaya da ƙafarta?"

"Ta tsaya."

"Ka duba da kyau? Babu gurbin da za a cike?"

"Babu, Inna."

Ta yi hamdala, ta ce in je in huta, in turo mata mai ɗakina.

Washegari da sassafe na hau babur na tafi ƙauyensu, na ce gaisuwa zan kai. Gidan da aka haife ta yana nan, 'ya'yan yayanta ne a ciki. Bayan an gaisa sun tambayi mai jiki, na kawo maganar farar yakuwa. Babbansu ya yi dariya ya ce in leƙa gonakinsu in gani, ja ce ko'ina, don ita 'yan kasuwa ke zuwa da mota su ɗiba. Aka kai ni wajen wata tsohuwa, ƙawar Inna ta ƙuruciya. Ta san irin sarai, har ta ambaci kakata ta yi mata addu'a. Ta ce nata ya yanke shekarun baya, da ma jira take ta samu mai zuwa garinmu ta aika wa Inna ta ɗibo mata. Ta ce to ga ni Allah ya kawo ni, in na tashi dawowa kada in manta.

Na iso gida bayan la'asar. Tun daga zaure na ji ƙanshin dafaffen gurguzu. Babbar tukunya na kan murhu tana ɓararraka, Inna na daga tabarma tana ba da umarni da hannunta mai lafiya, a ƙara itace, a rage. Na daɗe ban ga fuskarta a sake haka ba. Na ja mai ɗakina gefe na tambaye ta ina ta samu gurguzu. Ta ce ai na Inna ne. Kowace shekara in ta yi binne takan rage ƙoƙo guda ta tura ƙarƙashin gado, ba a taɓa shi sai an tabbata shuka ta tsaya, ko da za a cike gurbi. Jiya da na ce shukar ta tsaya, Inna ta ce a dafa sauran a yi batso.

Na tambaye ta tun yaushe yake kan wuta. Ta ce tun bayan fitata. Na tambaye ta ko ta rage ko ɗan kaɗan ne. Ta ce ta wanke ta juye duka, 'yan waɗanda suka zube a wajen sheƙa kaji sun tsince. Sai ta tsaya ta dube ni da kyau. Ta ɗora hannu a baki, ta koma gindin murhu ta zauna tana tura itace, ta ba Inna baya.

Batson ya nuna, aka daka aka dunƙula aka shanya a kan faifai. Aka yi miyar kuka da shi. Na ci, don Inna na kallona ta gefen ido.

A kasuwar Gezawa na samu mai sayar da gurguzu. Ya ce na farar yakuwa ne, ya kuma ce fara duk ɗaya ce. Na saya na shuka a ramukan Inna. Ta fito, ta yi rawaya, ta kwanta, ƙarfin maganin bai gama fita daga ƙasar ba. Na jira sai da marka ta wanke ƙasa na sake shukawa. A wannan karon ta kama, tsilla-tsilla, gajeru, amma karanta kore ne. Na riƙa duban ta ina cewa a raina ai ba ta da maraba da waccan.

Kawu ya riga ya ga iyakar tun tana fes, ya kuma gane, sai dai bai yi mini magana ba. Wata yamma ya zo duba Inna. Ya toshe hanci kamar yadda ya saba, ya ce ciwon ma bai hana ta damun unguwa ba. Ita kuwa ranar bakinta ya yi sauƙi. Ta ce ya je ya gaya wa malamin gonarsu maganin nasu ya kashe kowace ciyawa, amma da ya zo kan yakuwarta durƙusawa ya yi ya gaishe ta ya wuce. Ta ce wannan na gidan ya san inda zai tsaya da injinsa. Kawu ya yi dariya, bai rama ba. Tunda na tashi ban taɓa ganin ta faɗa masa magana ya bar ta ta sha ba. Da na raka shi zaure ya tsaya yana gyara hula.

"Ni ba zan faɗa mata ba," ya ce. "Amma kada ka ƙara sa ni dariyar ƙarya a gaban 'yar'uwata."

Duk da haka ban faɗa ba. Kullum in ce gobe.

Can wajen ƙarshen damina cin abincinta ya ragu. Wata safiya ta ce tana marmarin faten tsaki da yakuwarta, a tsinko mata ganye daga wajen suri. Na je na zaɓi masu faɗi-faɗi na kawo. Mai ɗakina ta dafa, ta kai mata a ƙaramin kwano. Ina zaune nesa kaɗan ina gyaran ƙotar fartanya da ba ta lalace ba. Inna ta kai cokali na farko baki. Ta riƙe shi a bakin, ba ta haɗiye da wuri ba. Ta kai na biyu. Sannan ta ci gaba da sha a hankali har ta shanye, ta sa albarka, ta miƙa kwanon.

Daga ranar ba ta ƙara tambayata yakuwa ba. In na dawo na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi masara, ta tambayi ruwa, shi ke nan. Na gwammace tambayoyin da a da nake gudu.

Mun yi kamar mako biyu a haka. Ranar da na karyo masarar farko na kawo mata guda biyu ta gani, ta juya su a hannu, ta ce in zauna. Na zauna a bakin tabarmar, abin da rabona da yi tun ina yaro.

"Wadda ka kawo rannan, a ina ka sayo irinta?"

Na ce a Gezawa. Sai na gaya mata duka, feshin da ramukan da na tona da zuwana ƙauyensu da saƙon ƙawarta. Kaina a ƙasa na yi maganar. Ba ta katse ni ba. Da na gama na ce ta yafe mini.

Ta riƙa shafa masarar da babban yatsa.

"Maganin rabi ya ci," ta ce. "Sauran ni na ce a dafa."

Na ce a'a, ni ne na ce ta tsaya.

"Ni ma ban taɓa gaya maka ranar da nake shuka ba."

Ta ce kada in daina feshin, yaran gidan nan su ƙoshi, ita ta san yadda watan yunwa yake a wannan tsakar gidan. Taku ɗaya kawai zan riƙa bari. Sannan ta ce kowace kaka in tana cirar zoɓo wasu 'ya'yan kan zube, kuma gurguzu yana da taurin kai, wani sai ya kwana damina biyu a ƙasa kafin ya fito. Ta ce in ruwa ya sauka baɗi in duba wajen suri, ko Allah zai sa a samu gyauro.

Na ce ai ta kasuwar ma za ta zubar da nata a wurin, yaya za a bambance.

"Ka kawo mini ganyen," ta ce. "Zan gane ta."

Allah ya yi mata rasuwa ana tsakiyar girbi, ranar wata Litinin da hantsi. Masarar shekarar ta fi ta bara. Da ita aka ciyar da masu zuwa gaisuwa, ba mu nemi ko tiya a wajen kowa ba. Na tsaya a ƙofar rumbu ina ɗebo wa mata, ina tuna hannunta a cikin tsibin bara.

Batson da aka yi bai wuce faifai ɗaya ba. Mai ɗakina ta daina sayarwa, ta riƙa gutsurawa kaɗan-kaɗan. Da ya rage dunƙule ɗaya ta yi miya da shi ta ce in kira Kawu. Ya zo ya zauna a inda ya saba zama, ya ci. Bai toshe hanci ba, bai kushe ba. Da ya gama ya wanke hannu, ya tashi ya tafi ba tare da na raka shi ba.

A taron ƙungiya na kafin damina na miƙe na ce ina da magana. Na ce duk wanda zai karɓi inji ya fara shiga gida ya tambayi tsofaffi me suka binne, a ina. Wasu matasa suka yi dariya, ɗaya ya ce yanzu kuma sai an nemi izinin kaka kafin a kashe ciyawa. Kawu ya ce e, haka za a yi, wanda bai yarda ba ya nemi injinsa. Wasu suna bi, wasu ba sa bi. Ni dai har yau ni nake awo, kuma har yau ina feshi.

Da ruwa ya sauka na yi shuka na yi feshi, na bar iyakar gabas, na ƙara mata taku ɗaya daga cikin gonata. Ban sa mata komai ba. Ciyawa ta taso na bi ta da hannu ina cirewa ɗaya-ɗaya. Bayan kwana goma na ga tsiro a gindin suri, guda bakwai, karansu kore. Na yanko ƙaya na kewaye su saboda awaki.

Da suka yi ganye na tsinko na kai gida. Mai ɗakina ta yi fate, muka zauna a ƙofar ɗakin Inna muka sha. Na riƙe cokalin farko a baki kamar yadda na ga ta yi. Na ji tsami. Na haɗiye na jira in ji shi a maƙogwaro, na ji kamar akwai, na ji kamar babu. Mai ɗakina ta ce ita ce, wallahi ita ce. Amma ta faɗa tun kafin ta haɗiye, kuma ni take kallo ba kwanon ba.

Na ɗaura ganyen a leda na hau babur zuwa ƙauyen su Inna, wajen ƙawarta. Na tarar an yi sadakar bakwai ɗinta da kwana biyu.

Da kaka na tara 'ya'yan tsiron nan guda bakwai, suka cika tafin hannu biyu. Yanzu ni nake fita da sassafe in hadari ya fara haɗuwa, da ɗan sungumin Inna, in binne rabi tun daga burtali har suri. Sauran rabin mai ɗakina ke tura shi ƙarƙashin gado. In shuka ta fito takan tambaye ni ko ta tsaya. Nakan ce ta tsaya, ita kuma takan bar ƙoƙon a inda yake har sai an yi girbi.